YAWON RANI A KAN KEKE KEWAYEN BIRNIN ZAZZAU

Ga shi kaka ta wuce. An yanke dawa an ɗaure an kai rumbu, an rore wake, an tsince auduga, shanun Fulani sun shiga gonaki suna cin kara. Daga yanzu har ruwan shuka ya sauka, watau wajen watan Mayu, manomin tudu yana da sararin da ba ya samu a sauran watannin shekara. Waɗansu su kan ƙare wannan sarari a gindin bishiya wajen dara, waɗansu su kan ɗaure kaya su tafi cin rani. Amma akwai wani abin yi wanda ba ya cin kuɗi, ga daɗi ga amfani, shi ne mutum ya hau kekensa ya zaga ƙasar da ya ke zaune a cikinta, ya dube ta da idon manomi. Ɗan kasuwa ma yana iya yin haka ran da ciniki ya yi sanyi, akawu kuma ran Asabar ko Lahadi da ba a zuwa ofis.

Sau da yawa a kan haifi mutum a Birnin Zazzau, ya girma, ya yi furfura, bai taɓa zaga ganuwa tun daga ƙofar da ya fara har ya komo gare ta ba, bai taɓa hawa Kufena ba, Samaru kuwa sai dai ya wuce ta cikin mota. Alhali baƙi su kan taso daga nesa domin su ga waɗannan wurare. Ga manomi kuwa abin ya wuce kallo, gama kowane ɗayansu yana da darasin noma a jikinsa. Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilmi, ba su kuwa ce sai tafiya mai nisa ba.

DALILIN ZAƁEN KEKE

Mai tafiya a ƙasa ya kan ci mil uku a sa'a guda, kafin ya kai inda za shi ya gaji, sha'awar kallo ta fita daga ransa. Mai mota da mai babur suna wucewa kamar iska, idonsu na kan hanya, ga kuma kuɗin mai. Mai keke kuwa zai ci mil bakwai ko takwas a sa'a ba da wahala ba, yana jin gaisuwar mutane yana amsawa, ya tsaya inda ya ga dama, ya bi 'yar turbar da ta ratsa tsakanin gonaki, in ya iske rafi ya saɓa keken a kafaɗa ya haye. Ƙasar Zariya kuma shimfiɗaɗɗiya ce, hawa da gangararta ba masu tsanani ba ne, sai duwatsu da suka tsaya ɗai-ɗai. Da rani turba ta bushe, ba caɓi, ba santsi.

Keke mai feda a Faransa aka fara ƙera shi don sayarwa, cikin shekarun 1860. Irin wanda a ke hawa yau, mai ƙafa biyu daidai da juna da sarƙa a tsakani, a Ingila ya fito a 1885. Tayar da a ke hura wa iska kuwa wani likitan dabbobi ne, mai suna Dunlop, ya fito da ita a 1888. Daga baya kamfanonin Turawa suka riƙa kawo Raleigh da Hercules kantunan Sabon Gari, har keke ya zama abin da manomi ya kan fara saye in auduga ko gyaɗa ta yi kuɗi.

A can Faransa, inda abin ya fara, mutanen ƙauye sun daɗe da gane cewa yawon keke ciniki ne ga manomi. A 1936 gwamnatinsu ta yi doka kowane ma'aikaci ya sami hutun mako biyu a shekara da albashinsa, sai mutanen birane suka riƙa fita karkara, da yawansu a kan keke. A 1951 aka buɗe masauki na farko na irin wanda a ke gyara wa baƙi a gidan ƙauye, a 1955 kuma masu irin waɗannan masaukai suka kafa ƙungiyarsu ta ƙasa duka, mai suna Gîtes de France. Baƙo ya kwana a ƙauye, ya sayi madara da ƙwai da zuma a hannun mai gona, ya yini yana zagawa. Har tsofaffin hanyoyin jirgin ƙasa da aka daina aiki da su sun gyara sun mai da su hanyoyin keke. In an duba kuwa, abin da su ke nuna wa baƙon bai wuce abu huɗu ba: tsohon gini, da dutse, da rafi, da gona. Zariya tana da huɗun nan duka, kowanne kuma ya isa yawon yini guda.

RANA TA FARKO: GANUWA DA CIKIN BIRNI

A fara daga Ƙofar Doka, wadda ke fuskantar Tudun Wada ta arewa, da sassafe kafin motoci su yi yawa. Kewayen ganuwa ya kai wajen mil tara zuwa goma. Mai zagawa zai gamu da ƙofofi ɗaya bayan ɗaya, su Ƙofar Kibo, da Jatau, da Kuyambana, da Gayan, da Kona, da Galadima, da Bai. Ba ko'ina ne za a iya bin gindin ganuwar ba, domin a wurare da yawa gidaje sun tare hanya, sai a shiga lungu a ɓullo ta gaba. A waɗansu wurare kuma sai mutum ya tambayi dattawan unguwa kafin ya gane cewa 'yar tudun da ya ke tsaye a kai ita ce ganuwar.

Labarin sarakunan Zazzau ya nuna cewa Bakwa Turunku ya hau sarauta wajen 1536, yana da 'ya'ya mata biyu, Amina da Zariya. Sunan ƙaramar birnin ya ɗauka, babbar kuwa ita ce jarumar da har yau a ke jingina mata ganuwoyi da yawa a ƙasar Hausa, a ce ganuwar Amina.

To, ga tambayar da ta kamata manomi ya yi wa kansa yana cikin zagawa: me ya sa mutanen dā suka wahalar da kansu da gina ganuwa mai faɗin nan, alhali gidajensu ba su cika ko rabinta ba? Amsa ita ce, gona suka kewaye tare da gida. Sun san cewa in abokan gaba suka yi wa gari zobe, ganuwa ba ta ciyad da kowa, sai abin da aka noma a cikinta. Saboda haka suka bar fili na shuka, da makiyaya, da fadama, da ruwa, duk a cikin birni. Baturen nan matafiyi, Kyaftin Clapperton, da ya zo Zariya a 1826, ya rubuta labarin gonaki da fadamu da dogayen itatuwan da ya gani cikin ganuwa. Har yau mai keke zai ga sauran waɗannan filaye, da rafin Kamaca da ya ratsa birni, da dutsen Madarkaci.

A kuma lura da kududdufai. Ramuka ne da aka haƙa aka ɗebi ƙasar gini, ruwan damina ya cika su, su ne kuma ke karɓar ruwan da zai shiga gidaje in an yi mamako. Inda aka cike kududdufi aka yi gini a kansa, ruwa ya kan nemi wata hanya, sau da yawa kuwa hanyar ta zauren wani ce. Jujin unguwa ma abin dubawa ne. Dā can da rani masu jakuna su kan kwashe toka da kashin awaki da shara a mangala su kai gona, birni ya tsabtata, gona ta ƙoshi. Takin yana nan har yau, sai dai ya cakuɗe da leda da fasassun kwalabe, dole a tsince kafin a kai gona.

Daga nan a shiga tsakiyar gari. Zariya garin rimi ce, har unguwanni suka ci sunansa, kamar Rimin Tsiwa da Rimin Doko, audugarsa kuwa ita a kan cusa a katifa da matashi. A ƙofar fada akwai Masallacin Jumma'a wanda Babban Gwani Malam Mika'ilu, da waɗansu ke kira Muhammadu Durugu, ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, cikin shekarun 1830. A shekarun 1970 aka kewaye shi da sabon gini, amma wani sashe na tsohon yana ciki. Wanda ya ɗaga kai ya dubi bakan gizon rufinsa, ya tuna cewa irin wannan gini daga gona da daji kayansa su kan fito: ƙasa, da ciyawar da a ke cuɗa ta da ita, da azarar giginya. Makubar da magina ke shafe bango da ita don kada ruwa ya ci shi, daga ɓawon ɗorawa a ke samunta. Wanda ya sare giginya da ɗorawa bai dasa waɗansu ba, ya rage wa magini kayan aiki, ya rage wa mata kalwar daddawa.

RANA TA BIYU: KUFENA

Dutsen Kufena yana yamma da birni, 'yan mil kaɗan, bayan Wusasa. Hanyar tana ƙetare babban titin Kaduna zuwa Kano, a nan sai mai keke ya sauka ya tura, ya duba dama da hagu sosai kafin ya haye. A Wusasa akwai majami'ar da 'yan mishan suka gina a 1929 da ƙasa, bisa fasalin ginin Hausa, da kuma tsohon asibitinsu. A garin ne Janar Yakubu Gowon ya girma.

A bar keke a hannun wani amintacce a gindin dutse, a hau da ƙafa, da safe kafin dutsen ya ɗauki zafi. A zaɓi ranar da ba hazo, gama in buji ya sauka ba abin da za a hanga. Ran da gari ya washe kuwa, mutum zai ga birni shimfiɗe ta gabas, da dogayen gine-ginen Samaru can ta arewa, da gonaki ko'ina.

Kufena tana cikin wuraren da mutanen Zazzau suka zauna kafin birnin yanzu ya kafu, kamar Turunku da ke can kudu. Akwai kufan ganuwa a gindin dutsen. Tsaro yana cikin abin da ya kawo su, amma manomi zai ga wani dalili da idonsa. Ruwan da ya sauka a kan dutse ba ya nutsewa, gangarowa ya ke yi ya taru a gindi, ya kuma zo da ɓarɓashin dutse da ruɓaɓɓen ganye. Shi ya sa ƙasar gindin dutse ta kan riƙe laima bayan ta tudu ta bushe, itatuwan wurin kuma su fi na nesa duhun ganye.

Daga bisa ne kuma a ke ganin abin da ba a gani daga ƙasa, watau yadda zaizaya ke cin gonaki. Kwazazzabo ya kan fara ne daga 'yar turbar shanu, ko daga kwarin kunyar da aka ja ta bi gangara. Shekara ta farko ɗan rami ne da yaro zai tsallake, bayan 'yan shekaru sai ya haɗiye jaki. Mai kallo daga kan dutse zai iya gwada gona da gona: wadda aka yi wa kunya a gicciye, ta tare ruwa, da wadda aka ja kunyarta daga tudu zuwa kwari, ta zama magudana. Zai kuma ga gonakin da aka bar musu ɗorawa da kaɗanya da tsamiya da kuka, da waɗanda aka aske ƙwal. Malamin gona zai yi shekara yana faɗin wannan magana a dandali, amma sa'a guda a kan Kufena ta fi, domin gani ya kori ji.

RANA TA UKU: FADAMAR GALMA DA KUBANNI

Sa'ad da tudu ya bushe, fadama ke cikin ganiyarta. Kogin Galma yana gabas da gari, ruwansa yana gangarawa ya faɗa kogin Kaduna. Kubanni kuwa ta biyo ta Samaru, ta raba Tudun Wada da Sabon Gari, ta zuba a Galma. Ta kudu da birni akwai rafin Saye. Mai keke ya bi hanyar Jos wajen Dakace, in ya kai gada ya sauka daga titi ya bi turbar masu lambu.

A nan zai ga tumatir, da albasa, da attaruhu, da tattasai, da kabeji, da karas, da masarar rani, da rake tsaye kamar bango. Dā da jigo a ke ban ruwa, mutum ya yini yana ɗaga guga kafin ya shayar da 'yan fangaloli kaɗan. Yanzu injin ban ruwa ya maye gurbinsa a yawancin lambuna, aiki ya yi sauri, amma kuɗin mai ya shiga lissafi. Wanda ke tunanin shiga noman rani, kafin ya sayar da ɗan bijiminsa ya sayi inji, ya kamata ya zauna da mai lambu ya tambaye shi abu uku: sau nawa ya ke ban ruwa a mako, a wane wata ruwan wurin ke ja da baya, kuma nawa kwando ya kan faɗi in tumatirin kowa ya nuna lokaci guda. Amsar tambaya ta uku ita ce ta kan raba mai riba da mai hasara, ita ce kuma dalilin da ya sa masu dabara su kan rarraba dashe, su kuma yanka waɗansu su shanya.

Ƙasar Zazzau ta yi suna wajen rake da mazarƙwaila, musamman wajen Maƙarfi da Kudan da Hunƙuyi. Wanda ya yi sa'a ya iske inda a ke matsa, zai ga yadda a ke tatse ruwan raken, a dafa shi a manyan kasake har ya yi kauri, a zuba a ƙananan kwanoni ya daskare. Ɗan kasuwa da ya ga aikin da idonsa zai san mai kyau da marar kyau tun kafin ta iso rumfarsa.

Yawon fadama yana da wani amfani kuma. Ƙwari da cuta ba su san iyakar gona ba. A 2016 tsutsar nan mai haƙa ganye ta cinye tumatir a Jihar Kaduna da maƙwabtanta, har kwando ya gagari talaka. Wanda ya saba leƙa lambunan maƙwabta shi ke fara ganin baƙon abu a ganye, ya kai wa malamin gona labari tun abin bai yi nisa ba.

Sai dai gargaɗi guda. Kome zafin rana, kada a sha ruwan rafi, kada kuma a bar yara su yi iyo a ruwan da ya kwanta, domin a nan a ke ɗaukar tsargiya. Kubanni kuwa bayan ta ratsa gari ta kwaso dauɗar magudanai. Duk ganyen da aka saya a bakinta a wanke shi sosai da ruwa mai tsabta.

RANA TA HUƊU: SAMARU DA SHIKA

Wannan ita ce tafiya mafi tsawo, wajen mil goma daga birni zuwa Samaru ta hanyar Funtuwa, Shika kuma tana gaba kaɗan. Mai zuwa zai ƙetare hanyar jirgin ƙasa, wadda ta iso Zariya a 1911. Daga nan ne ƙaramin jirgin nan ya riƙa zuwa Jos tun daga 1914 har aka daina aiki da shi a 1957, reshen Gusau kuma ya kai Ƙaurar Namoda a 1929. Jirgin ne ya buɗe wa auduga da gyaɗar ƙasar nan hanyar teku.

An kafa gonar gwaji ta Samaru a 1922, a 1962 kuma ta shiga ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello ta zama Cibiyar Binciken Aikin Gona. Gonar dabbobi ta Shika an buɗe ta a 1928, ita ce yau cibiyar binciken kiwo ta ƙasa duka, daga can kuma kazar nan mai yawan ƙwai, Shika Brown, ta fito. Duk irin da manomi ya ga sunansa ya fara da SAM, kamar SAMMAZ na masara, da SAMSORG na dawa, da SAMNUT na gyaɗa, da SAMPEA na wake, da SAMCOT na auduga, Samaru sunan ke nufi. Mutane su kan zo daga ƙasashe masu nisa neman wannan ilmi, ga shi kuwa a ƙofar gidan Bazazzagi.

Gonar gwaji ba wurin kutsawa ba ce. A je ran aiki, a yi sallama a ƙofa, a faɗi abin da ya kawo mutum, a nemi sashen malaman gona. Ya fi kyau a je da tambaya a shirye. Wanda wuta-wuta ta addabi dawarsa ya tambayi irin da ke jure mata, da yadda a ke karɓa-karɓa da waken soya ko gyaɗa don a rage ta. Wanda ruwa ke yanke masa da wuri ya tambayi iri mai saurin nuna. Akawun da ke cikin ayari shi ne mai riƙe takarda da alƙalami, ya rubuta sunan iri daidai, domin a kasuwa akwai masu sayar da hatsin ci da sunan ingantaccen iri.

Kada kuma manomi ya shiga wurin yana ganin kansa ba kowa ba. A 1966 da 1967 masanan Samaru, ƙarƙashin wani Bature mai suna David Norman, sun bi manoman ƙauyuka uku na ƙasar Zazzau, watau Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi, suna rubuta aikinsu da abin da suka girbe. A lokacin ana yi wa manomi kallon mai taurin kai saboda yana haɗa gero da dawa da wake a gona guda. Da aka yi lissafi sai aka iske haɗin nan ya fi shuka abu ɗaya kawo amfani a kowace eka, ya kuma fi tsare gida daga yunwa, gama in ɗaya ya ƙi, ɗaya zai yi. Ashe ilmi ta hanya biyu ya ke tafiya tsakanin Samaru da ƙauye.

SHIRI DA LADABIN HANYA

Tun da dare a duba keke. A gwada birkin gaba da na baya, a ɗiga wa sarƙa mai, a ƙara wa taya iska, a ɗaure abin da ya kwance. A ɗauki famfo da kayan faci, gama ƙaya ta yi yawa a turba da rani, mai faci kuwa ba a kowane ƙauye ya ke ba. A riƙe gorar ruwa, da malafa, da ɗan guzuri, ko ƙuli-ƙuli ne da dabino. Da hunturu a sa riga mai kauri da safe. In bazara ta shigo, watau Maris da Afrilu, a fita da asuba a komo kafin azahar.

A kan titi a bi hannun dama, kamar yadda doka ta ke tun 1972, a jere ɗaya bayan ɗaya, kada a yi gasa da manyan motoci. A cikin gonaki a bi turba, kada a taka fangali, kada a karya raken mutane, in ana so a saya. In an shiga ƙauye a sauka daga keke a gai da dattawa, a nemi mai unguwa a faɗa masa abin da ke tafe da mutum. Garken shanu in ya tare hanya, a tsaya ya wuce.

Akwai kuma maganar da ba ta ɓoyuwa. A shekarun nan an sha fama da masu satar mutane a waɗansu sassan karkara, har da gefen gari. Saboda haka kada kowa ya fita shi kaɗai. A tafi mutum huɗu ko biyar, a gaya wa mutanen gida inda za a da lokacin komowa, a tambayi labarin hanya wurin masu zuwa kasuwa daga can, in an ce wuri ba lafiya a haƙura da shi sai wani jiƙon. Kada magariba ta iske kowa a daji. Rigakafi ya fi magani.

ABIN DA KE ƁACEWA

Ganuwar Zariya da dutsen Kufena suna cikin wuraren tarihi da Gwamnatin Tarayya ta sa wa dokar tsaro. Amma doka tana takarda, ganuwa tana fili. Ruwa yana cinta kowace damina, masu gini suna ɗibar ƙasarta, waɗansu sun mai da ita bangon gida, waɗansu juji. Filayen noman da magabata suka kewaye da guminsu ana yanka su fuloti-fuloti. Rimin da ya faɗi ba a dasa wani a gurbinsa. Hanwa da masana suka iske ƙauyen manoma a 1966, yau gari ya haɗiye ta. Gari dole ya ƙaru, gama jama'a na ƙaruwa, amma akwai bambanci tsakanin ƙaruwa da shawara da ƙaruwa da ka. Fadama in aka zuba mata siminti ba ta komowa, mutanen da ke ci daga gare ta kuwa suna nan, har sun fi dā yawa.

Mutum ba ya kishin abin da bai sani ba. Wanda ya taɓa zaga ganuwa da ƙafar kekensa, in ya ga ana haƙarta zai yi magana a gaban mai unguwa. Wanda ya hangi kwazazzabo daga kan Kufena zai sake duban yadda ya ke jan kunyarsa bana. Uban da ya ɗora ɗansa a bayan keke ya nuna masa waɗannan wurare ya ba shi abin da ba a saye a kanti. Matasan da ba su da aikin rani kuma, in sun san hanyoyin nan da labarinsu sosai, suna iya zama 'yan jagora ga ɗaliban makarantu da baƙi, mai hayar keke ya samu, mai fura da mai rake su samu, kamar yadda mutanen ƙauyukan Faransa ke samu.

Rani ba ya jira. Nan da 'yan watanni za a ga hadari ta gabas, a koma sharar gona da kai taki, keke ya koma ɗaukar buhu da fartanya. Kafin nan, kwana huɗu ba su da yawa. Allah ya sa a je lafiya a komo lafiya, ya kuma ba da damina mai albarka, amin.